Kafin Idon Inna Ya Rufe

Kaduna,
4 ga Maris, 2018.

Yaya Dabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Latifa da yara, a gaida mini Inna da kyau. Ni ƙalau nake, sai ɗan mura da aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Abdulmalik direba. Sau shida ina kiran ka a makon nan. Sau huɗu ka ce kana cikin kasuwa, sau biyu ka ce "to, za mu yi magana," ka kashe. Takarda dai ba ka da yadda za ka kashe ta.

Maganar idon Inna ce. Da ta zo nan a Janairu likitanmu ya duba ta, na gaya maka hawan jinin ido ne, ka ce Allah Ya sawwaƙe, ka koma zancen farashin albasa. To ka ji da kyau yanzu. Idon hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama saura kaɗan, kuma likita bai yi mini alkawarin zai kai ƙarshen shekara ba. Maganin ɗigawar nan riƙe abin da ya rage kawai yake yi.

Ranar da za ta koma na tambaye ta ko akwai abin da take son gani. Ta yi dariya ta ce raƙumin dawa. Ashe shekara talatin marigayi Baba yana kai albasa Yamai, yana dawowa yana ba ta labarin yadda suke tsallaka titi a wajen Kure, yana cewa wata rana zai kai ta. Matar da aka haifa a Tozai, ta tsufa a Illela, ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. Ƙonni kuwa a wurinmu ai unguwa ce, ba ƙasar waje ba.

Na samu hutun kwana biyar, daga Litinin 9 ga Afrilu. Zan iso gida ran Asabar. Litinin bayan asuba mu tashi da motarka, mu tsaya ta kalli duwatsun Dogon Dutsi da hasken safe, mu kwana a masauki a Dosso. Talata mu shiga Kure mu ɗauki jagora. Laraba ta ga kogin Yamai, ta shiga kwalekwale in ta yarda. Alhamis mu juyo. Ban taɓa maka kasuwar Lahadi ba, don kada ka samu abin faɗa.

Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya ji. Ka san danginmu na hanyar nan. In suka ji, ba za mu kai Kure ba.

Ƙanwarka,
Mahbuba.

*

Illela,
15 ga Maris.

Mahbuba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Latifa ta amsa, yara sun amsa, Inna ta ce a ce miki ki rage shan ruwan sanyi. Ni ma ƙalau, tunda ba ki tambayi bayana da ke ciwo ba.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun don in tabbatar ɗiyar gidanmu ce ta rubuta. Wato mu shiga Dogon Dutsi, mu tsaya muna kallon duwatsu, gidan Kawu Sahabi na nan bayan tasha, mu wuce shi? Ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya? Sannan mu tahi Dosso mu kama ɗaki a otal kamar marasa asali, Gwaggo Hadijatu tana cikin garin da ranta? Mi Kaduna ta yi miki ne? Ke kina kwana huɗu ki koma. Ni ne zan ci gaba da bin hanyar nan da albasa, ni za a tsare a tasha a tambaya ko uwata ta yi fushi da danginta.

Ba a taɓa yi ba, kuma ba da motata za a fara ba. Mutum ya wuce ƙofar ɗan'uwansa don ya je ya gaida dabba!

Batun ido kuma, ku mutanen asibiti in ba ku tsorata mutum ba abinci ba ya shiga cikinku. Ni nake kwana gida ɗaya da Inna, ba likitanku ba. Jiya da kanta ta tsince wake. Shekaranjiya ta hango Latifa ta zuba gishiri da yawa tun daga bakin ɗakinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Maganinta tana ɗigawa safe da rana da dare, duk da ta ce ɗacinshi na sauka har maƙogwaro.

Ban ce ba za a tahi ba. Alkawarin Baba ne, ba ke za ki tuna mini ba. Amma yanzu albasa ke shigowa daga fadamun Garu, in na ɗaga ƙafa kwana huɗu wasu sun kwashe. Ki bari a ga bayan albasa, a shirya tafiya irin ta mutane, a sanar da wanda ya kamata.

Wayar da kike ƙorafi, ki zo ki tsaya tsakiyar buhu ɗari biyu da 'yan dako ki gani ko kina jin ta.

Yayanki,
Dabo.

*

Kaduna,
21 ga Maris.

Yaya Dabo,

Bayan gaisuwa, Allah Ya ba ka lafiyar baya. Ka daina ɗaga buhu da kanka, kana da masu ɗagawa. Ina gaida Inna da kowa.

Inna ta tsince wake, ka ce. Yaya, Inna tana tsince wake tun kafin a haife ka, yatsunta ne ke gani ba ido ba. Gishirin Anti Latifa kuwa duk unguwa ta san shi, ba sai an hango ba. Wannan ciwon daga gefe yake ci, yana matsowa tsakiya. Yanzu Inna kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure take. Ka tsaya a gefenta ka ɗaga hannu ba tare da ka yi magana ba, ka ga ko za ta juyo. Ba za ka gwada ba, na sani, don kana tsoron amsar.

Kana yi mini wa'azin zumunci kamar ban san Kawu Sahabi ba. Na san shi sarai. Za mu shiga da niyyar gaisuwar minti goma. Zai ce sai an sha fura. Kafin a dama fura an kama rago. Rago ba a cin sa a tsaye, sai an kwana. Da safe ya ce ai ba a tafiya ba a gaida surukansa ba. A Dosso Gwaggo ta ji mun kwana biyu a Dutsi, ta rantse sai mun yi mata uku. Ranar da za mu ga raƙumin dawa ni ina kan hanyar komawa aiki.

Kawu yana da ido biyu lafiyayyu da mota. Rabonsa da Illela tun rasuwar Baba. Ƙafar zumuncin nan tamu ce kaɗai ke tafiya?

Hutuna ba albasa ba ne da za a shanya a rumfa a jira farashi. An rubuta 9 ga Afrilu, sai da na roƙi mutum uku kafin na samu. Ka nemo takardar shigar da mota, ka duba katin shaidar Inna, ni zan zo da sauran. In mun dawo, ka ɗora mini laifin duka, ka ce Mahbuba ce 'yar boko mara kunya. Na ɗauka.

Don girman Allah ka rufe bakinka na kwana ashirin kacal.

Mahbuba.

*

Illela,
2 ga Afrilu.

Mahbuba,

Salamu alaikum. Muna lafiya, zafi ne dai ya sauka. Inna ta ɗan yi zazzaɓi kwana biyu, ta warware. Bayana da sauƙi.

Na gwada abin da kinka ce. Na tsaya gefenta na ɗaga hannu. Ba ta juyo ba, amma rediyo take saurare, to ban san mi zan ɗauka ba. Duk da haka na bar albasa hannun abokin cinikina, na ce a tahi ran 9 ɗin. Kin ga ban ƙi taki ba.

Sai dai akwai magana, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki fara zage-zage. Takardar mota ba a sayen ta a kanti. Duk Illela wanda ke fitar mana da ita wajen 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, shi ne Bashar, kuma kin san Bashar ɗiyar Kawu Sahabi yake aure. Ya tambaye ni mota za ta ina, da wa. In ce mishi mi? In yi ƙarya a takardar hukuma? Na ce Yamai, da Inna, na ce ya riƙe a cikinshi. Ya rantse.

Ba a yi la'asar ba Kawu ya kira yana kuka, wai shekara tara bai ga yayarshi ba. Ya riga ya ɗaure rago. Gwaggo Hadijatu ta sa an yi wa ɗaki fenti.

Nan gida kuma kin san yadda ake yi in an ji mutum zai yi tafiya. Tun ran Alhamis sallahu ke shigowa. Yanzu a zaure akwai buhun gero biyu na Dutsi, keken ɗinki na wata amarya a Dosso, jarkar man ja, katifa, ƙullin magani na wani tsoho a wani ƙauye da ke kilomita sha biyu daga titi, da tantabaru huɗu a kwando. Ba wanda na roƙa. Amma wa zai kalli maƙwabcin da ya yi mishi ɗawainiya ran rasuwar ubanshi ya ce mota ta cika?

Na zauna na duba, tafiyar nan kwana goma take so. Biyu Dutsi, uku Dosso, sauran a raba sallahu, a je Kure, a dawo. Ki roƙi ƙarin kwana biyar. Ki ce musu uwarki ce ba lafiya, ai ba ƙarya kinka yi ba.

Inna kanta da ta ji Kawu ya yi kuka, ita ma ta yi.

Dabo.

*

Kaduna,
6 ga Afrilu.

Yaya Dabo,

Ina gaida Inna, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Kai kuwa ban san da wace gaisuwa zan fara maka ba.

Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya! A duk faɗin bakin iyaka ba ka samu mai fitar da takarda ba sai surukin Kawu? Kai da ka san kowane jandarman Nijar da sunan uwarsa? Ba mantuwa ka yi ba, Yaya. Ka san Bashar ba ya iya riƙe ko ruwa a baki. Ka kai masa ne don maganar ta fita, a ce ba kai ka faɗa ba.

Tantabaru! Uwarmu na makancewa, kai kana neman wa tantabaru wurin zama a mota. Ina za ta miƙe ƙafa, kan keken ɗinki?

Ƙarin kwana biyar kuma, kana jin asibiti rumfar kasuwa ce da zan ja buhu in rufe in tafi? Mu huɗu ne a ɗakin masu ciwon ido, ɗaya tana jego.

Ba zan zo in zauna kwana biyar ina cin naman rago ina kallon hutuna yana ƙarewa a zauren Kawu ba. Na je na mayar da hutun, na ce a ba ni bayan Sallah. Ka kai sallahunka, ka gaida danginka, ka sha fentin Gwaggo. In ka gama zama yaron aiken unguwa, ka tuna kana da uwa, sai mu yi tafiyar da na tsara.

Duk abin da ya samu idon nan kafin lokacin, ka san a wuyan wa yake.

Mahbuba.

*

Kaduna,
12 ga Mayu.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Mako biyar ba amsa, ba ka ɗaga wayata. Abdulmalik ya ce ya ba ka waccan hannu da hannu. Na san na yi maka kaushi. Har yanzu ina jin haushinka, amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Azumi saura kwana kaɗan. Na san Inna. Tunda ɗacin maganin nan na sauka mata a maƙogwaro, za ta ce yana karya azumi, ta ajiye kwalbar gaba ɗaya sai bayan Sallah. Tsofaffi da yawa haka suke mana a nan, su dawo da Shawwal ido ya tafi. Na yi mata magana a waya ta ce "to." Ka san "to" ɗin Inna.

Na tambayi likita, ya ce a watan nan a mayar da shi lokacin sahur, da bayan shan ruwa, da kafin ta kwanta. In an ɗiga a danne gefen ido ta wajen hanci na ɗan lokaci, ɗacin ba zai sauka ba. Kada ka bar mata kwalbar. Kai da hannunka za ka ɗiga mata, ba ta yi maka musu kamar yadda take yi wa Anti Latifa. Ga kwalba biyu nan cikin ambulan.

Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka yi wannan. Da Sallah ina bakin aiki, hutuna ya koma tsakiyar Yuli.

Mahbuba.

*

Illela,
1 ga Yuli.

Mahbuba,

Salamu alaikum. An yi Sallah lafiya. Latifa da yara lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Inna tana cin abinci, tana barci, jikinta ƙalau.

Takardarki ta watan Mayu, ran da Abdulmalik ya ba ni na jefa ta aljihun mota ban buɗe ba. Na ce wani zagin ne, ba zan shiga azumi da shi ba. "Yaron aiken unguwa" bai bar kunnena ba, shi ya sa ma tafiyar Afrilu na fasa ta, na mayar wa kowa da kayanshi, Kawu ya kwance ragonshi. Na ce tunda ke kinka tsara, a jira ki.

Kwana tara bayan Sallah na shiga gaida Inna da safe. Tana zuba shayi, sai na ga tana zuba shi a tabarma, kofin na gefe. Na tambayi Latifa ina magani. Ta ɗauko kwalbar daga ƙarƙashin katifa, a cike. Tun daren farko na azumi Inna ta ɓoye ta. Na koma mota na buɗe ambulanki, kwalba biyu sunka faɗo mini a cinya. Na karanta. Ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda na ji haushin kaina a kujerar nan ba. Ke ma ban bar ki ba. Da kin zo a Afrilu, ko ragon ne da mun ci, mun kai ta tana gani.

Ban jira Yulinki ba. Washegari na nemi takarda ta hannun wani Bazabarme da bai san kowa namu ba. Ran Talata bayan asuba na sa Inna gaban mota, ko maƙwabci bai ji tashinmu ba. A Dogon Dutsi na bi ta gefen tasha, na hango Kawu Sahabi zaune a ƙofar gidanshi bisa buzu. Na sunkuyar da kai na taka mota. Wani ɗan acaba ya gane lambar. Yanzu Kawu ya aiko cewa ko gawarshi kada in zo. Abin da kike so in yi tun Maris ke nan, na yi shi, sai ki ji daɗi.

Munka kwana Dosso a otal. Laraba da hantsi munka isa Kure, jagora ya shiga bayan mota, munka saki titi munka shiga daji. Ba mu yi rabin awa ba ya ce in tsaya. Raƙuman dawa guda bakwai, Mahbuba, har da ƙarami. Baba bai yi ƙarya ba. Babbar cikinsu ta tako har kusa da mota, taku goma bai kai ba, tana kallonmu da gashin idonta kamar na amarya.

Na fito da Inna, na riƙe hannunta na ce ga su nan. Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai sama, ta daɗe. Sannan ta ce, "Tabarakalla! Wanga abu da tsawo shike. Dabo, dubi wuya! Ashe gaskiya mahaifinku ka hwaɗi."

Mahbuba, itacen gawo take kallo. Dabbar na hannun damanta, ita ta fuskanci hagu. Jagora ya buɗe baki zai yi magana, na damƙe mishi hannu. Na juya ta a hankali wajen da dabbar take, na ce ga wata ma. Ta ce, "I, ina ganin ta," idonta na kan fili.

Ba mu je Yamai ba. Ta ce ta gaji, kogin a bar shi.

A hanyar dawowa, da munka kusa Ƙonni, Inna ta juyo wajena. Ta lalubo hannuna a kan giya ta ce, "Ka rubuta ma 'yar'uwarka, ka ce na gani da idona. Ku bar hwaɗan ga haka nan, kun ishe ni."

Ta ce in gaya miki ta gani. To, na gaya miki.

Har yanzu ina ɗiga mata maganin sau uku, ban san ko yana da sauran amfani ba. Ki zo ki duba. Kuma ki zo ki karɓe ni, don a hannuna rabin maganin a kumatunta yake ƙarewa.

Yayanki,
Dabo.